Ɗan Ci-Rani Ko Baƙon Haure? Horon Matasan Ƴan Jarida A Kan Labarin Matafiya

A ƙarshen watan Oktoba na shekara ta 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 cikin hamada, arewa da garin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. A cikinsu akwai yara 52, mata 33, maza 7. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace a kan hanya, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta kashe su. Gomnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku a faɗin ƙasa. Labarin ya game duniya, amma wanda ya ji shi daga nesa, da ya ji an ce "baƙin haure", sai ya ɗauka wasu baƙi ne daga wata ƙasa masu neman tsallaka teku zuwa Turai. Alhali kuwa yawancinsu ƴan gundumar Kance ne ta jahar Damagaram, mata da ƴaƴansu, waɗanda suka nufi Tamanrasat neman abin sakawa a baki.

Tun daga wannan masifa, da waɗanda suka biyo bayanta, maganar yadda ya kamata a ba da labarin matafiya ta shiga cikin abubuwan da ake koya wa matasa masu neman zama ƴan jarida. A Yamai akwai makarantar da aka sani da suna IFTIC, wadda asalinta cibiya ce da aka kafa a shekara ta 1977 domin horar da ma'aikatan watsa labarai, kafin ta sami wannan suna a 1989. Ban da ita, ƙungiyoyin duniya irin su UNESCO, da OIM mai kula da ƙaurar jama'a, da HCR mai kula da ƴan gudun hijira, sun sha shirya tarurrukan ƙara wa juna sani na ƴan kwanaki. A shekara ta 2021 UNESCO ta buga wani littafi musamman domin malaman aikin jarida, a kan yadda ake ba da labarin matafiya da ƴan gudun hijira. Haka kuma Studio Kalangou, da ya fara aiki a Yamai a 2016 cikin Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci, ya zama wurin da matasa da dama suka koyi riƙe makirfo.

Horo dai ana yin sa. Abin dubawa shi ne me ake koya musu, da wane harshe, kuma don amfanin wa.

Darasin farko: kalma

Abu na farko da malami yake ɗora wa ɗalibi shi ne rarrabe kalmomi, domin mutanen da ke kan hanya ba iri ɗaya ba ne, kuma doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. Ɗan gudun hijira shi ne wanda yaƙi ko zalunci ya kora har ya ƙetare iyakar ƙasarsa. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 sun hana a mayar da shi inda ya gudo. Irinsu ne ƴan Mali da suka shigo jahohin Tilaberi da Tawa tun 2012, da ƴan Najeriya da suka sauka a Difa saboda Boko Haram, da mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka kwararo wajen Gidan Runji cikin jahar Maraɗi tun 2019. Wanda aka kora daga garinsa amma bai fita ƙasarsa ba, shi ma yana da nasa matsayi, kuma Nijar ta yi masa doka ta musamman a watan Disamba na 2018. Ɗan ci-rani kuwa kowa ya san shi: shi ne wanda, in an cire amfanin gona an zuba a rumbu, sai ya ɗauki jakarsa ya tafi biɗa, ya dawo da faɗuwar ruwan farko.

A Faransanci waɗannan suna da sunayensu daban-daban, kuma ɗalibi yakan haddace su cikin yini guda. Matsalar tana tasowa ne sa'ad da ya koma gidan rediyonsa zai karanta labarin da Hausa. A nan sai ka ji duka an tattara su cikin buhu ɗaya an ce "baƙin haure". To, mai karatu ya dubi kalmar da kyau. Haure shi ne wurin da danga ko katanga ta rushe ake haurawa, kuma duk Bahaushe ya san wanda ke shiga gida ta haure ba da sallama ya zo ba. Da an ce wa mutum baƙon haure, an riga an yanke masa hukunci tun kafin a ji ta bakinsa. Ga shi kuwa yarjejeniyar da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu izinin shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Ke nan ɗan Gambiya ko ɗan Senegal da ya sauka a tashar Agadas a shekara ta 2015, da takardunsa a aljihu, ta ƙofa ya shigo, bai haura katangar kowa ba.

Akwai wata rarrabewa da ta fi wannan wuya. Fataucin mutane, wato a yaudari mutum ko a tilasta shi a kai shi wani wuri a ci guminsa, laifi ne da dokar Disamba 2010 ta tanadi hukuncinsa. Ɗaukar mutum a mota a ƙetare iyaka da shi da yardarsa, a kan kuɗin da aka shirya, wani abu ne dabam. Ɗan jaridar da ya kira su duka "safarar mutane" ya mayar da direban Agadas mai cinikin bayi, ya kuma ɓoye ainihin mai cinikin bayin a bayan direba.

Tafiya ba yau aka fara ba

Kyakkyawan malami ba ya barin ɗalibansa su ɗauka cewa ƙaura ta fara ne ranar da Turawa suka fara kuka da ita. Tun kafin zuwan Nasara fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro, ayarin raƙuma ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri, maniyyata ke bin hanyar gabas da ƙafa har wasu suka zauna Sudan suka yi zuriya. A zamanin mulkin mallaka, haraji da aikin tilas suka ƙara tura samari zuwa Kano, Ikko, Kumasi da Ankara. Fim ɗin Jaguar na Jan Rush, wanda aka ɗauka cikin shekarun 1950 tare da Damure Zika, labarin samari uku ne da suka bar bakin kogin Kwara suka tafi Gana neman arziki. Umaru Ganda da kansa, kafin ya zama mai shirya fim, ya yi aikin ƙarfi a tashar jiragen ruwa ta Abijan.

Akwai kuma shafin tarihi mai ɗaci da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A watan Nuwamba na 1969 gomnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, mutanen Nijar da yawa suka dawo sun bar rumfunansu da gidajensu. A watan Janairu na 1983 Najeriya ta yi irin haka a zamanin Shagari, aka ƙiyasta waɗanda suka fita sun kai kimanin miliyan 2. Gaskiya kuma ba ta da ɗaci biyu: a ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete, Nijar ma ta sallami ƴan Dahome da ke aiki a cikinta. Duk inda aka yi irin wannan kora, kafin motoci su zo kwasar mutane, magana ce ta fara zuwa: ana cewa baƙi ne suka ƙwace aiki, baƙi ne ke sata, baƙi ne suka kawo tsada. Matashin da ya san wannan zai yi hattara da bakinsa ranar da za a miƙo masa irin wannan magana ya karanta.

Fahimtar juna tsakanin al'adu

Darasi na biyu shi ne wanda takardun horo ke kira tattaunawa tsakanin al'adu. Sunan baƙo ne, abin ba baƙo ba ne. Ƙasar da Bafulatani ke tsokanar Babarbare da Ba'are, Bagobiri ke tsokanar Bazabarme, kowa ya yi dariya rigima ta mutu, ba ta jira kowa ya koya mata zaman tare ba. A 2014 UNESCO ta sa wannan wasa na taubasai cikin jerin gadon al'adun duniya. Haka nan tsarin zango da mai masauki tsohon abu ne: baƙo yana da inda zai sauka, yana da wanda zai tsaya masa gaban sarki.

Sai dai ya kamata a faɗi iyakar abin. Wasan taubasai yana aiki ne tsakanin waɗanda tarihi ya haɗa. Ba shi da abin cewa game da yarinya ƴar Binin ta kudancin Najeriya da ke zaune cikin wani gida a Agadas tana jiran mota, ko saurayi ɗan Darfur daga cikin ƴan Sudan da suka fara gangarowa daga Libiya a ƙarshen 2017 suna neman mafaka, waɗanda zamansu da mutanen gari bai rasa tsami ba. Waɗannan ba su da taubashi a nan. Su ne ɗan jarida zai je wurinsu da hannu biyu, ba tare da wata tsohuwar dangantaka da za ta share masa hanya ba.

A nan horon yake sauka ƙasa ya zama abin yi. Ana koya wa ɗalibi ya yi sallama, ya zauna inda aka nuna masa, ya sha ruwan da aka ba shi, kafin ya fito da na'urarsa. Ana koya masa ya faɗi ko shi wane ne da inda maganar za ta fita, domin wanda ya kwana uku bai ci ba, da ya ga mai takarda da alƙalami sai ya ɗauka ma'aikacin agaji ne, ya faɗi abin da yake zaton zai jawo masa taimako. Ana koya masa ya lura da tafinta: in tafintan yaron mai gidan da matafiyan ke ciki ne, to ba abin da za a ji sai abin da mai gidan yake so. Ana koya masa cewa mace ba za ta faɗi abin da aka yi mata a hanya ba gaban maza, kuma ba dole ba ne ta faɗa ko gaban mata. In ta yi shiru, a bar ta da shirunta.

Maganar hoto ita ce ta fi tsayawa a ran ɗalibai. A ɗauka misali saurayi ne da mahaifinsa ya jinginar da gona, mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta, aka haɗa masa kuɗin mota. An koro shi, ya dawo da rigar jikinsa kaɗai, yana zaune a wani sansani yana tunanin yadda zai shiga gari. Ɗan jarida ya ɗauki fuskarsa ya sa. A zamanin salula hoton zai riga shi isa ƙauye, ya shiga hannun masu bin bashi da iyayen yarinyar da yake nema. Sau da yawa irin wannan kunya ita ke sa mutum ya juya ya sake fuskantar hamada maimakon ya koma gida. Saboda haka ƙa'ida ita ce: a nemi izini, a bayyana inda hoton zai kai, yaro kuma ba a nuna fuskarsa ko da uwarsa ta yarda.

Abin da ya faru a watan Maris na 2022 ya nuna ƙarfin hoto ta fuska biyu. Wani gidan telebijin na Senegal ya nuna mata da yara ƴan Nijar suna bara a titunan Dakar. Cikin ƴan kwanaki gomnati ta tura jirgin sama aka kwaso fiye da mutum dubu ɗaya, yawancinsu daga Kance da Magarya. Labarin ya motsa hukuma, wannan gaskiya ne. Amma an fi jin maganar mutuncin ƙasa da aka ce ya zube fiye da maganar abin da ya tashe su daga gida: yawan jama'a a ƙasa ƴar kaɗan, gonar gado da aka raba har ta koma kamar tabarma, da maƙwabciya da ta je ta dawo ta yi ɗaki na kwano.

Lissafi da wanda ya yi shi

Darasi na uku na alƙaluma ne. A ranar 26 ga Mayu 2015 aka yi doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta ɗaukar baƙi a ƙetare iyaka da su, aka fara aiki da ita sosai a 2016. A wannan shekara OIM ta ƙidaya fiye da mutum dubu 300 da suka bi ta arewacin Nijar suka nufi Libiya da Aljeriya. Shekara ta gaba adadin ya faɗi ƙwarai, aka yi ta murna a manyan biranen Turai. Amma ɗan jaridar da ya sami horo zai tambaya: a ina aka tsaya aka ƙidaya? Domin in an kafa mai ƙidaya a kan hanyar Dirku, direbobi kuma suka bar hanyar da ayari ke bi kowace Litinin suka koma ratse inda babu rijiya babu soja, to littafin mai ƙidaya zai ragu, kaburburan da ba wanda ya gani kuma su ƙaru. Masu aikin jarida a Agadas, irin su jaridar Aïr Info da Ibrahim Manzo Diallo ya kafa a 2002, sun sha ba da labarin motocin da aka kama da matafiyan da aka zubar a daji. A ranar 25 ga Nuwamba 2023 Janar Abdurahaman Tiani ya soke dokar.

Haka batun Asamaka. Bayan yarjejeniyar da Nijar ta yi da Aljeriya a ƙarshen 2014 ta dawo da ƴan ƙasa, sai korar ta haɗa har da ƴan wasu ƙasashe, waɗanda ake saukewa a wurin da ake kira Point Zéro su tako kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga gari. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ce waɗanda aka koro a 2024 sun haura dubu 30. Ɗalibi zai koyi faɗin wanda ya ba da adadi, ya kuma tuna cewa mutum ɗaya yana iya shiga lissafi sau biyu ko sau uku, in an koro shi ya koma aka sake koro shi.

Ladan kuturu

Ga wata magana da ba a cika yin ta a zauren horo ba. Bayan taron Baleta na Nuwamba 2015, inda Tarayyar Turai ta buɗe asusu na musamman domin rage kwararar baƙi zuwa ƙasashenta, kuɗi masu yawa sun shigo harkar faɗakarwa, horon ƴan jarida kuma ya sami rabonsa. Ba laifi ba ne a karɓi ilmi daga duk inda ya fito. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Matashin da aka biya wa kuɗin mota da masauki da guzuri, aka kuma ce za a ba da kyauta ga wanda labarinsa ya fi kyau, ba sai an gaya masa irin labarin da ake so ba. Zai kawo mai kuka, mai nadama, mai cewa kada kowa ya tafi.

Irin wannan labari ba ƙarya ba ne. Hotunan da gidan telebijin na CNN ya nuna a Nuwamba 2017, na mutane da ake gwanjonsu a Libiya, gaskiya ne, kuma wajibi ne duk mai shirin tafiya ya san da su. Amma rabin magana ne. Sauran rabin shi ne mafi yawan ƴan Afirka ta Yamma da suka bar ƙasarsu suna cikin Afirka ta Yamma, ba su nufi teku ba. Kuma a ƙauyukan Adar da Damagaram akwai gidaje da yawa da abin da ɗan ci-rani ya aiko shi ke kai su ga kaka. Manomin da ke sauraren rediyo ya san wannan sarai, domin buhun geron da ke ɗakinsa daga kuɗin Abijan ko na Sabha ya fito. In ya ji mai labari ya ɓoye wannan rabin, sai ya daina yarda da shi, har ranar da zai faɗi gaskiya a kan hatsarin hanya.

Da wane harshe?

Littattafan horo da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, gwaji ma da Faransanci ake yin sa. Wanda zai hau mota kuwa, da matar da za ta goya ɗa ta kama hannun wani ta nufi Arlit, ba sa karanta jaridar Faransanci. Labari yana zuwa musu ne daga rediyon karkara, waɗanda yawansu ya wuce ɗari a ƙasar, da saƙon murya a WhatsApp. Mai gabatar da shiri a irin wannan gidan rediyo sau da yawa ɗan sa kai ne, bai taɓa shiga IFTIC ba, kuma ba kasafai takardar gayyata ke isa gare shi ba. Shi ne zai ɗauki labarin da aka rubuta a Yamai ya juya shi nan take, da kalmar da ta fara zuwa bakinsa.

Ƙasar nan tana da abin koyi a gida. Ƙungiyar Radiyo-Kulob, da aka kafa a 1962, ta horar da malaman makaranta da wasu ma'aikata su ɗauki na'ura su shiga ƙauyuka, su tara jama'a a saurari shiri, a yi muhawara, a ɗauki muryoyinsu cikin harshensu a aika Yamai. Manomi ya ji muryarsa a rediyo yana faɗin ra'ayinsa a kan iri da haraji da rijiya. Da horon yau zai bi wannan sawu, da an kai ɗalibai tashar Matamai ko ta Tawa bayan girbi, sun zauna da masu tafiya da waɗanda aka bari a gida, sun dawo da shirin da aka yi da Hausa tun daga tushe.

Akwai kuma aikin da ke jiran ma'aikatar watsa labarai da ta ilmi, da masana harsunan ƙasa: su zauna su daidaita kalmomi, a san me za a ce da Hausa da Zabarmanci da sauran harsuna ga mai neman mafaka, ga wanda aka koro, ga wanda ya dawo da son ransa, ga direba, ga ɗan kamasho, ga mai fataucin mutane, a buga ɗan ƙaramin littafi a raba wa gidajen rediyo. Bukatar ta ƙaru tun ranar 29 ga Janairu 2025, da fitar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. A lokacin ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun tafiyar ƴan ƙasashen uku har zuwa wata sanarwa. Daga nan, duk ɗan jaridar da zai yi magana a kan ɗan Tawa mai sayar da shayi a Kwatano, ko ɗan Gana mai aski a Maraɗi, sai ya fara bincika matsayinsa a doka a ranar da yake magana, kafin ya zaɓi sunan da zai kira shi da shi.